Makin da Likita Ya Ba Lauratu

Shekara biyu da ba Sakkwato jiharta, a kakar da gero ya yi kyau har aka rasa wurin zuba shi, Lauratu ta fara dafa bango kafin ta tashi daga tsugunno.

Shekarunta ashirin da biyu. 'Yar Jabo ce, aure ya kawo ta Tungar Maccido, mil huɗu gabas da Kebbe. Mijinta Attahiru yana birnin Sakkwato yana aikin gini, don a lokacin duk inda ka waiga siminti ake kwaɓawa, kuma sai da Sallah yake leƙo gida. Gidan yana hannun uwarsa, Inna Hauwa'u, da wansa Ɗangiwa, mai rabon takin zamani a wani ofishi a Kebbe, mai jan babur. Matar Ɗangiwa ta tafi gidansu wankan jego. Don haka daka, da jan ruwa, da tatsar shanu shida, da tuwon mutum goma sha ɗaya masu yankan gero, duk mutum ɗaya ke yin su.

Da can wannan ba abin magana ba ne a wurinta. Ita ce mai kai nono Kebbe ta dawo kafin azahar, ƙwarya a ka, tana tafe tana hira. Amma da damina ta zame daga bakin rumbu da dami a kanta, ta faɗo a kan ƙugunta na dama. Mai ɗori ya zo ya latsa, ya ce babu karaya. Wanzami ya yi mata ƙaho. Ciwon ya ɗan lafa, sannan ya koma can ciki, inda cinya ta haɗu da ƙugu, ya zauna a kwatangwalo.

"Ɗiyar Jabo," in ji Inna wata safiya, tana zaune a kan tabarma tana kallonta, "wanga riƙon bango fa? Ko gini za ki koya ki bi mijinki?"

"Ƙafar ta, Inna."

"Ƙafa. Ni tara na haifa cikin gidanga, bango bai san hannuna ba. Ciwon ƙugu na tsofaffi na. Yarinya irinki, kwana biyu ya wuce."

Mutane suna son wannan magana, cewa jikin yaro shi ke gyara kansa. Ban taɓa ganin wanda ya bi ya duba ko hakan ne ba.

Wani ɗan Tunga da ya je Sakkwato ya gaya wa Attahiru cewa matarsa tana ɗingishi. Attahiru ya aiko da wasiƙa: ya ji gwamnati ta kawo likitan ƙashi, yana zama a wani ɗakin shan magani na wucin gadi a Tambuwal har ƙarshen wata mai zuwa, a kai ta. Ɗangiwa ya karanta wa Inna. In ba a kai ta ba za a ce sun ƙi. In an kai ta aka riƙe, geron da ke zube a gona sai dai ya ɗauko kansa.

Ranar tafiya Inna ta kira ta ɗaki.

"Ki kama kanki gaban mutane. Wan mijinki za ki bi, ba ƙanenai ba. Kada ki je ki yi ta zuba, a ce muna kashe ɗiyar mutane da aiki."

"To, Inna."

A akori-kura suka tafi. Ɗangiwa a gaba kusa da direba, Lauratu a baya tsakanin buhuna. Wanda ya san hanyar Kebbe zuwa Tambuwal a wancan zamani ya san abin da take yi wa mai lafiya ma.

Likitan Ba'indiye ne, mai furfura a gefen kunne, mai sanyin murya, da mutum arba'in suna jiransa a ƙarƙashin darbejiya. Babu na'urar ɗaukar hoton ƙashi a wurin. Abin da yake da shi takarda ce ta tambayoyi da ya zo da ita daga ƙasar da ya yi karatu, kowace amsa da makinta, duka ɗari. Wanda ya gaza saba'in a sa shi a mota zuwa babban asibiti a birni, a ɗauki hoto, a yi aiki, gwamnati ta ɗauki nauyi. Wanda ya haura saba'in a ba shi ƙwaya ya koma gida. Mai fassara masa ma'aikaciyar jinya ce, Malama Ummu, 'yar Dogon Daji.

Kujera biyu ne a gaban teburin. Ɗangiwa ya zauna a ɗaya. Malama Ummu ta nuna wa Lauratu ɗayar.

Lauratu ta dubi kujerar. Kafaɗa da kafaɗa da wan mijinta. Ta koma gefen ƙofa, ta cusa bakin mayafinta tsakanin haƙora, ta yi ƙasa a hankali har ta tsuguna, ta sunkuyar da kai. Likita ya bi ta da kallo, ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu. Bai ga mayafin ba. Abin da ya gani shi ne gaɓa mai lanƙwasuwa har ƙasa.

"Malam, ko za ka ɗan jira waje?" in ji Malama Ummu.

"Amana anka ba ni, Malama. Mijinta ba shi nan. Ki tambaya, ina ji."

Likita ya fara karantowa, tana juyawa.

"Tana iya hawa bene ba ta kama komi ba?"

Ɗangiwa ya yi dariya. "Bene a Tunga? Rumbu taka hawa, wanda yaf fi bene wuya. Jiya ma ta hau."

Gaskiya ya faɗa. Ta hau, don babu wanda zai hau mata.

"Sa safa da ɗaure takalmi, tana shan wahala?"

Malama Ummu ba ta ma jira amsa ba, ta gaya wa likita cewa matan nan ba su sa safa. Ya duba takardarsa, babu gurbin wannan amsa. Ya sa alama a inda aka ce babu wahala.

"Tana dogara sanda?"

"Yarinya ƙarama da sanda? Mi mutane za su ce?"

"Tana iya shiga motar haya?"

"Da mi munka zo?"

"Nisan da take iya tafiya?"

"Rijiya sau takwas a yini, da tulu."

Malama Ummu ta ajiye biro. Ta zagayo tebur, ta durƙusa kusa da Lauratu, ta rage murya. "Ke nika tambaya yanzu, ba kowa ba. Ciwon, yaya shike? Shina hana ki barci? Shina hana ki aiki?"

Ɗangiwa ya gyara zama, kujerarsa ta yi ƙara.

"Da sauƙi," in ji Lauratu, ba ta ɗago ba.

Amsar da aka koya mana ke nan tun muna yara. Na ga wanda ya ba da ita da hantsi, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Amma a takardar likita, ciwo shi ne mai maki mafi yawa, kuma wannan amsa ta kwashe kusan duka.

Likita ya ce ta kwanta a gado ya juya ƙafar ya ji. Ɗangiwa ya miƙe tsaye. Namiji ba zai taɓa cinyar matar ƙanensa ba alhali mijinta bai sani ba, in ji shi, kuma ya faɗa da ladabi, har da ban haƙuri. Likita ya dubi layin da ke waje ta taga. Ya ce to ta yi tafiya daga ƙofa zuwa bango. Taku biyar ne. Lauratu ta tattara duk abin da ke jikinta ta yi su a miƙe, don yin ɗingishi a gaban wan miji tallar rauni ne, kuma an gargaɗe ta.

Tamanin da shida.

Ɗangiwa ya karɓi ƙwayoyin ya sa a aljihu, fuskarsa kamar shi ya ci jarrabawa. A gida ya faɗa wa Inna tun daga zaure. Ya rubuta wa Attahiru a ranar. Bayan mako biyu amsa ta zo: alhamdu lillahi tunda likita ya ce lafiya, ga turmin atamfa a ba ta.

Daga nan ciwon Lauratu ya tashi daga ciwo ya koma hali. In ta daɗe wajen tashi, Inna ta ce, "Tamanin da shida, a taimaka a miƙe." Masu yankan gero suka ji, suka ɗauka, har wani in ya ga tuwo ya makara sai ya ce yau maki ya ragu. Ba da mugunta suke yi ba. Abin dariya ne ya samu a lokacin gajiya.

Ta fara salla a zaune, ƙafa ɗaya a miƙe. Inna ta ce ita da shekara sittin tana kai goshinta ƙasa daga tsaye. Lauratu ta koma yin salla a cikin ɗaki, ta saki labule.

Abin da ya fi komi shi ne bayan gida. Tsugunno a bakin masai, babu abin riƙewa, ga tsoron kada ƙafa ta ƙi tashi a kira mutane. Sai ta rage cin tuwo. Ta rage shan ruwa. Ta gano cewa in ta tsaya a kan fura rabin ludayi da safe da ɗan tuwo da yamma, sau ɗaya ya ishe ta a yini. Wuyanta ya fito. Inna ta ce kewar miji ce.

Aka yi suna a gidan ƙawarta ɗaya tilo a Tunga, ba ta je ba, don in ta je sai ta durƙusa wa tsofaffi goma kafin ta zauna. Aka yi biki, ba ta je ba. Matan da suke biyo mata tafiya Kebbe da nono suka biyo sau biyu, sau uku, sannan ta riƙa jin muryoyinsu suna wucewa ta bayan danga ba su tsaya ba. Jabo kuwa, babu wanda ya san komi, tunda duk saƙon da zai fita gidan ta hannun mai babur yake fita. Akwai ranar da ta lura tun safe ba ta yi magana da kowa ba sai saniya.

Saura kwana huɗu likita ya tashi, masu allurar rigakafin ƙyanda suka zo Tungar Maccido. Malama Ummu tana cikinsu. Ta bar abokan aikinta a ƙofar mai gari, ta yi tambaya, ta zagaya ta bayan gida inda ake ɗaure shanu. Ta tarar da Lauratu zaune dirshan a cikin taki, ƙafar dama a miƙe gefe, ƙwarya a kan cinyar hagu, tana tatsa.

"Haka kika tatsa kullum?"

Lauratu ta firgita, ta nemi tashi.

"Zauna. Ba kowa nan. Ni ba surukarki ba ce." Malama Ummu ta tattare farar rigarta ta zauna a kan wani kututture. "Takardar can ta tsofaffin Turawa ta, masu bene da safa. Tun ranar nika jin haushin kaina. Yau tawa zan yi miki. Yaya kika salla?"

"Zaune."

"Bayan gida?"

Lauratu ta dubi ƙwaryar da ke kan cinyarta. Sannan ta faɗa mata maganar fura rabin ludayi.

"Yaushe rabonki da Kebbe?"

"Tun damina."

"Rabonki da ki yi dariya da wani?"

Nan Lauratu ta kifa goshi a jikin saniyar. Ba ta yi kuka da sauti ba. Da ta ɗago sai magana ta ɓalle mata. Ta ce ba ta kwanciya ta dama. Ta ce in tana daka, kowane saukar taɓarya a ƙugunta take jin sa. Ta ce ƙafar ta fara gajarta, ta gani a zanenta, gefe ɗaya yana jan ƙasa. Ta ce tana tsoron ta sami ciki, don ba ta san da me za ta ɗauke shi ba. Ta ce abin da take so kawai ta sake tafiya da sauri, ta ji iska a kunnenta.

Malama Ummu ta rubuta duka a bayan takardar rigakafi.

"Saurara. Motarmu ta ƙarshe za ta tsaya Kebbe ran Alhamis da hantsi, bakin kasuwa, ta ɗauki waɗanda za a kai birni. Ki zo. Ni zan sa ki ciki, ni zan ji da likita. In ta wuce, shi ya tafi ƙasarsu, ban san kuma mai zuwa ba."

Da yamma Lauratu ta durƙusa a gaban Inna, duk da abin da durƙuson ke ci mata, ta faɗi maganar. Inna ta ce wannan maganar maza ce. Da Ɗangiwa ya dawo, Inna ta gaya masa, Lauratu tana jin su daga madafa.

"Likita da kainai ya auna, Inna. Tamanin da shida. Wata malamar allura ta fi shi sani? Kuma a yanka ɗiyar mutane mijinta ba shi nan, in wani abu yaf faru wa za a kama? A bari a gama dawa. In Attahiru ya zo Sallah shi kai ta da kainai."

"Hakanan na," in ji Inna. "Mu ba mu ƙi ba."

Ba su ƙi ba. A gidan nan ba a taɓa ƙin komi ba, sai dai a ce a bari.

Ran Alhamis, tana idar da sallar asuba, ta dama fura ta rufe wa Inna, ta ɗaure atamfar da mijinta ya aiko da zane ɗaya a ɗankwali, ta fita ta ƙofar shanu. Ba ta ɗauki sanda ba, don kada wanda ya gan ta ya yi tambaya.

Mil huɗu. Da can kafin rana ta yi zafi ta kai. Yanzu taku ashirin ta tsaya, taku ashirin ta tsaya. Duk da haka lissafinta ya nuna za ta kai. Rana ta ɗaga kaɗan tana tsakiyar hanya, a wani fili da aka gama yanke gero, babu itace babu dutse, ta ji ƙarar babur a bayanta.

Ba ta yi shawara ba. Jikinta ne ya yi abin da aka koya masa. Ta kauce daga hanya, ta ja mayafi, ta yi ƙasa.

Ɗangiwa ya tsaya, bai kashe inji ba.

"Ina za ki?"

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Inna ta sani?"



Ya dubi ƙullin kayanta, ya dubi hanyar Kebbe, ya dubi wurin zama na bayan babur ɗinsa. Minti goma ne. Amma wan miji ba ya goya matar ƙanensa a babur, kowa ya san wannan, kuma akwai mutane a gonaki.

"Koma gida. Ban gan ki ba, ba ni faɗa wa kowa." Ya ja babur ya wuce.

Ta nemi tashi, ƙafar ta ƙi. Ta dafa ƙasa, ta ƙi. Ta juya ta gefen hagu, ta ja jiki a cikin kututturan gero har ta kai wata sabara a bakin gona, ta kama rassanta, suka tsinke, ta kama wasu. Da ta miƙe, inuwarta ta riga ta gajarce. Ba ta koma gida ba.

Ana kiran azahar ta shiga Kebbe. A bakin kasuwa babu mota, sai sawun taya da ɓawon rake. Wata mai tuyar ƙosai ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ce ta Tunga? Ayya. Malamar nan ta hana direba tashi har rana tsaka. Tana tsaye nan tana ta duban gabas. Har faɗa sunka yi. Zauna, ɗiyata, ki sha ruwa."

Lauratu ta ce ta gode, ba ta jin ƙishi.

Wani maƙwabci mai amalanken shanu ne ya mayar da ita. A zaure aka sauke ta, don ƙafar ba ta taku kuma. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya a kanta ta ce, "Mil fuɗu, ɗiyar Jabo. Da ƙafarki. Mu ko nan muna tausai, muna cewa ko a rage miki rijiya."

Ɗangiwa yana cire takalmi ya ce, "Da likita ya gani, ɗari za ya ba ta."

Ba wanda ya doke ta a gidan nan. Ba wanda ya hana ta abinci, ba wanda ya yi wa likita ƙarya ko sau ɗaya. Ku tambayi duk Tunga, za a ce muku gidan mutunci ne. Sun ɗora mata aiki, ta yi don ba ta da mai yi mata, sannan suka ɗauki aikin suka kai shaida cewa lafiyarta lau. Takarda ta tambayi abin da take yi. Ba ta tambayi yadda take yin sa ba, ko abin da ta daina yi don ta iya yin sa. Mutum ɗaya ce ta tambaya, a bayan gida, a cikin taki, ita ma sai da wan miji ba ya kusa. Muna yabon yarinya mai kunya, muna cewa ta sami tarbiyya. Ina so wata rana a zauna a ƙirga mata nawa wannan yabo ya gurgunta.

Attahiru ya zo da Sallah, ya tarar likita ya daɗe da tafiya, ɗakin shan maganin ya koma ma'ajiyar buhuna. Lauratu ta kama sanda tana da shekara ashirin da uku, ba ta sake ajiye ta ba. In ka je Tungar Maccido aka ba ka labarinta, za a ce maka ƙafarta lafiya lau take, likita ma ya shaida, sai tafiyar nan da ta yi Kebbe ba izini ta lalata ta.